Kafin Ki Rubuta Labarin Mahaifinki

Wata malamar makaranta ta aiko mini da tambaya. Mahaifinta, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya rasu bara, kuma tun da aka share makoki take son rubuta ƙagaggen labari a kan rayuwarsa. Ta ce duk sanda ta zauna sai ta cika shafi biyu da yabo, daga nan alƙalami ya ƙi tafiya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta gano mutumin da ta tashi a gabansa ba ta san shi ba sai ta fuska ɗaya, fuskar uba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, abin da ya tsayar da alƙalaminki shi ne duk kayan aikin da ke hannunki maganganun zaman makoki ne. A tabarmar ta'aziyya bakin kowa ɗaya: mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, mai zumunci ne, sahun farko ba ya wuce shi. Haka ya kamata a faɗa a wurin, kuma wataƙila duk gaskiya ne. Amma wannan shaidar ta dace da mamata dubu. Labari yana neman abin da Baba kaɗai ke da shi. Wa yake aika wa kuɗi a ƙarshen wata? Wane gari ne ba ya son a ambata a gabansa? Me ya taɓa sa shi kuka? Sai kin fita kin nemo waɗannan a bakin mutanen da shaidarsu ba za ta zo ɗaya ba.

Kafin ki fita, ki nemi littafin Mariyama Ba, marubuciyar ƙasar Senegal. Da Faransanci ta rubuta shi, Une si longue lettre, ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980, ita kuma ta rasu a 1981. Fassararsa ta Turanci, So Long a Letter, ba ta da wuyar samu a wajen masu sayar da littattafan makaranta. Na zaɓa miki shi ne don gidan da ke cikinsa ba baƙo ba ne a wajenmu. Ramatulaye malamar makaranta ce a Dakar, uwar 'ya'ya goma sha biyu. Mijinta Modu ya rasu, tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta A'isatu wasiƙa. Shekara biyar kafin rasuwarsa ya auri Binetu, ƙawar babbar 'yarsu, ya juya wa uwargida baya da 'ya'yanta.

Ki karanta da idon mai koyon sana'a. Ki lura da zaman da dangi suka yi don tantance abin da mamaci ya bari. A nan ne takardu suka yi maganar da masu ta'aziyya ba su yi ba: basussuka, gidan da aka saya wa amarya da uwarta, da hanyar da kuɗin ya biyo. Marubuciyar ba ta zagi Modu ba, ta bar lissafinsa ya ba da shaida. Sannan ki ga yadda Ramatulaye ta riƙe mutum biyu a zuciya ɗaya, saurayin da yake aiko mata wasiƙu lokacin da yake karatu a Faransa, da magidancin da ya wulaƙanta ta, ba ta yarda ɗaya ya shafe ɗaya ba. A ganina nan ne ƙarfin littafin yake. Sai abu na uku, wanda zai fi yi miki amfani nan kusa: ta yi wa labarin shinge. Kwanakin takaba ne iyakarsa, wata huɗu da kwana goma, kuma duk tunanin shekara talatin na aure a cikin wannan zaman yake zuwa yana komawa. Ke ma ki nemi naki shingen. Zai iya zama kwana bakwai na makoki, ko tafiyar mota zuwa garinsu don kai wa dangi kayansa, ko yinin da aka buɗe ɗakinsa.

Yanzu maganar tattara labari. Kada ki tunkari magada da tambayoyi kafin a gama rabon gado. A wannan tsakanin, ko tambayar launin rigarsa kika yi, wani zai ɗauka ƙididdigar dukiya kike yi, kowa ya kama bakinsa. Amma tsofaffi ba sa jira. Idan Baba ya bar ɗa namiji, 'yan'uwansa mata ba sa cikin magada, saboda haka ba abin da zai hana ki fara da gwaggonninki tun gobe. Su ne suka san shi yana yaro, suka san wadda ya fara so, suka san abin da ya haɗa shi da kakanki. Bayan su sai abokan aikinsa da suka rage, sai mai shagon da yake zama a bakin ƙofarsa da yamma, sai wanzaminsa ko telansa. Idan akwai matar da ya taɓa aura suka rabu kuma tana raye, ki je ki gaishe ta da ladabi, ko da ziyarar farko ba za ta wuce gaisuwa ba.

Ki tafi da ɗan goro ko sabulu ko turare, ki zauna a ƙasa, ki sa hannu a aikin da kika tarar ana yi. Ki nemi izini kafin ki naɗi murya, sannan ki ajiye wayar a gefe inda ba za ta tsone wa tsohuwa ido ba. Tambayar da ba ta da amfani ita ce, "Gwaggo, wane irin mutum ne Baba?" Amsarta yabo ce, kin riga kin ji shi. Ki ce, "Gwaggo, ranar da ya fara kawo albashinsa gida me ya sayo?" ko "Wa ya raka shi tasha da aka yi masa canjin wurin aiki?" Ƙaramar tambaya ita ke buɗe babban labari. Idan ta yi shiru kada ki yi saurin cike gurbin. Idan ta kauce ta shiga labarin wata kishiya da ba ki sani ba, ki bi ta, sau da yawa ta can hanyar take.

Muna da misalin wannan haƙurin a ƙasar Zazzau. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta riƙa zama da wata tsohuwa tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Daga nan aka sami littafin Baba of Karo a 1954. Tsohuwar ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Da an ce a bari sai an sami sarari, da aure-aurenta da labarin harin bayi da zumuncin ƙawaye da ta bayar duk sun bi ta kabari.

Tsofaffinmu ba da lambar shekara suke lissafi ba, da abin da ya faru suke yi. Ki riƙe wasu ma'aunai a kanki don ki iya jera labarin daga baya: kisan Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi a 1972, fitowar naira a 1973, kuɗin Udoji tsakanin 1974 da 1975, kisan Murtala a Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980. Idan abokinsa ya ce Baba ya sayi babur da kuɗin Udoji yana aiki a Kafanchan, kin sami shekara da gari a magana ɗaya. Ga ma'aikacin gwamnati, ariyas ɗin Udoji kaɗai ya isa babi guda, domin gidaje da yawa a lokacin aka ƙara aure, aka sayi rediyo, aka yi rufin kwano.

Sai takardu. Ki roƙi mahaifiyarki ta buɗe miki akwatinsa idan ta fita takaba kuma zuciyarta ta ɗauka. Ki duba takardar ɗaukar aiki, takardun canjin wuri, katin fansho, littafin da yake rubuta bashi, bayan hotuna, da bangon littattafan addininsa inda iyaye kan rubuta ranar haihuwar 'ya'ya. Wasiƙun ajami, in ba ki iya karantawa, ki kai wa malamin da kika amince da riƙon sirrinsa. Ki ɗauki hoton komai ki mayar inda yake, don kayan na magada ne duka. Wayarsa kuma kada a bari ta kwanta. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan ba wani, don haka ki kwashe saƙonnin muryarsa na WhatsApp ki adana a wuri biyu tun yanzu. Idan kina son jin iskar zamaninsa, Gidan Arewa da reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa duk suna Kaduna, kuma tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, za su ba ki farashin kaya da irin Hausar da ake yi a lokacin.

Akwai mutum ɗaya da zuciyarki za ta hana ki zuwa wurinsa: wanda ba sa ga maciji da Baba. Ki daure ki je. Ba dole ki gaskata shi ba. Amma shi ne kaɗai zai gaya miki yadda mahaifinki yake idan an taka shi, kuma mutumin da ba a taɓa ganin fushinsa a labari ba mai karatu ba zai yarda ya taɓa rayuwa ba.

Bayan duk wannan za ki tarar labaran sun saɓa wa juna, kuma akwai shekarun da ba wanda ya san abin da ya yi a cikinsu. Kada ki ɗauka aikinki ne ya gaza. Marubucin Sudan Ɗayyib Salih ya gina littafinsa Mausim al-Hijra ila al-Shamal, na 1966, a kan wannan giɓin. Mai ba da labarin ya dawo ƙauyensu a bakin Kogin Nilu bayan shekara bakwai yana karatu a Turai, ya tarar da wani baƙo, Mustafa Sa'id. Baƙon ya ɓace a shekarar ambaliya, ya bar masa amanar iyalinsa da mabuɗin wani ɗaki. Daga nan duk wanda ya haɗu da shi, a jirgin ƙasa ko a zaman hira a Khartum, sai ya ba shi wani Mustafa daban. Da ya buɗe ɗakin ya sami littafin da mutumin ya ware don rubuta tarihin rayuwarsa, amma ban da take da sadaukarwa babu komai a ciki. Littafin Salih yana da wurare masu nauyi da ba kowa zai ji daɗinsu ba, na faɗa miki tun da wuri. Abin da nake so ki ɗauka shi ne wannan ƙarfin halin na barin shafin fari. Shi ya sa nake roƙonki ki guji dabarar da ta yi yawa a rubuce-rubucenmu, inda a babin ƙarshe ake tsintar wasiƙar da mamaci ya bayyana komai, ko ya zo a mafarki ya warware zare da abawa. Wanda ya yi rashi na gaske ya san ba haka abin yake ba, kuma zai ji an yaudare shi. Ki bar gwaggo ta faɗi nata, abokin gaba ya faɗi nasa, ita kuma 'yar da ke cikin labarin ta tsaya a tsakani da abin da ta iya fahimta.

Na san abin da ke ranki game da addini, kuma damuwa ce mai tushe. An hana mu zagin mamaci da tona asirin Musulmi. Ma'aunin da nake ba marubuta shi ne su raba rauni da abin kunya. Cewa mutum yana da zafin rai, ko ya fifita wani ɗaki a kan wani, ko ya yi shekaru yana gaba da ƙaninsa sannan ya yi nadama, wannan halin ɗan Adam ne, kuma rubuta shi da tausayi kan sa mai karatu ya yi masa addu'a. Zunubin da Allah Ya rufa masa asiri a kai, ko sirrin da zai taɓa nasabar wani ko auren wata da ke raye, wannan ba naki ba ne, ko da ke kika gano shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tunda ƙagaggen labari kika zaɓa, kina da sarari: ki canza suna da gari da yawan 'ya'ya, ki haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Sai dai canza suna kaɗai ba ya ɓoye kowa a unguwar da aka san juna. Idan kin bar shi ma'aikacin jirgin ƙasa, to ki sauya tashar da fasalin gidan.

Da kin zo rubutu, kada ki fara da haihuwarsa. Ki fara da ranar da 'yar ta ci karo da abin da bai dace da uban da ta sani ba, misali wani suna da ke maimaituwa a littafin bashinsa. Ki rubuta fage ɗaya a zama ɗaya, kowanne da wurinsa da lokacinsa da abin da hannun mutane ke yi. Ranar da kuka ya ci ƙarfinki ki rufe littafin, ki yi masa addu'a, ki dawo wani lokaci. Abin da aka rubuta cikin hawaye yakan buƙaci gyara sosai, don haka ki ajiye daftarin farko wata biyu ko uku kafin ki sake dubawa.

Kafin ya je hannun maɗaba'a ko ki fara sakin sa babi-babi a intanet, ki karanta wa mahaifiyarki da bakinki, ku biyu kaɗai. Idan yana da wata matar, ita ma tana da wannan haƙƙin. Inda aka ce ki cire, ki tambayi dalili. In gyaran kuskure ne, ki gyara ki gode. In ciwo ne da bai warke ba, ki cire wurin daga abin da za a buga, ki adana cikakken rubutun a wajenki da kwanan wata a kansa, ki kuma sanar da ɗaya daga cikin 'yan'uwanki inda kika ajiye shi.