Yadda ɗalibai za su dasa itacen angala a gaɓar Neja Delta

Ɗan arewa da karatu ko bautar ƙasa ta kai shi Fatakwal ko Kalaba zai ga wani itace tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Turawa na kiransa mangurob, mutanen yankin kuma angala. Cikin saiwoyin nan kifi da jatan lande ke hayayyafa, saiwoyin ne kuma ke riƙe gaɓa kada teku ta cinye ta. Malalar mai, irin wadda ta auku a Bodo a 2008, da saran itacen girki sun hallaka shi a wurare da dama. In ku ɗalibai ne masu son taimakawa, ga hanya.

Kafin ku taɓa laka, ku je wurin masu gari. Ku gai da sarki, ku zauna da masunta da matan da ke tsintar ƙananan dodon koɗi. Su suka san inda daji yake a da, da abin da ya kashe shi. Nan ne aikin ke tsayawa ko ya rushe. In mai na nan cikin taɓo, ko an toshe hanyar da ruwa ke shiga ya fita, duk abin da kuka dasa zai mutu. Haka in kaba mai suna nifa, wadda aka shigo da ita Kalaba a 1906, ta mamaye wurin, sai an fara cire ta. Filin da angala bai taɓa tsirowa ba kuwa, ku ƙyale shi.

Sai iri. 'Ya'yan angala dogaye ne kamar alƙalami, suna tsira tun suna kan uwa. Ku ɗauki waɗanda suka nuna, masu sauƙin cirewa, ku zuba a jiƙaƙƙen buhu a inuwa.

Ruwa na cika ya janye sau biyu a rana, don haka masunta za su faɗa muku lokaci. Da ya ja, ku shiga. A soka ɓangaren irin mai kauri da tsini ƙasa, kashi ɗaya cikin uku ya nutse, a bar kamar taku biyu tsakani. Ku sa takalmi mai igiya, domin taɓon na zare silifas, ɓawon kawa kuma na yanka tafin ƙafa kamar reza. Mutum ɗaya ya tsaya yana duban ruwa, kwalekwale na kusa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu dasawa su ɗauki hoto su tafi. Bayan sun tafi, ƙaguwa na cin tsiron, leda na shaƙe shi. Ku rubuta adadin da kuka dasa a littafi, ku dawo bayan wata uku ku ƙirga, ku cike gurbin waɗanda suka mutu. Kafin ku gama makaranta, ku miƙa littafin ga 'yan ajin da ke bayanku.