Koyarwa A Makarantun Ƙasa Da Ƙasa A Ƙasashen Larabawa: Abin Da Ya Kamata Matar Aure Ta Sani Kafin Ta Sa Hannu

  

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi malamai mata da ke cikinmu, da duk uwar da 'yarta ko ƙanwarta ke aikin malanta. Tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, maganar fita waje neman aiki ta yawaita a ɗakunan malamai, kuma idan aka ce wajen ƙasar Larabawa ce, sai zuciya ta kwanta: ga masallatai, ga abincin halal, ga Ka'aba kusa. Duk wannan gaskiya ne. To amma ki sani, 'yar'uwa, abin da zai mallaki rayuwarki a can har tsawon shekara biyu shi ne takardar kwantiragin da kika sa wa hannu. Ita za ta faɗa miki inda za ki kwana, ko maigida da yara za su biyo ki, da kuma abin da za ki dawo gida da shi.

Wace irin makaranta ce?

Mutane da yawa suna zaton duk makarantar da ke ƙasar Larabawa da Larabci ake karatu a cikinta. Ba haka abin yake ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Katar, kusan mutum tara cikin goma baƙi ne da aiki ya kawo su, daga Indiya, Pakistan, Filifin, Masar, Ingila da sauran ƙasashe. Domin 'ya'yan waɗannan baƙi aka buɗe makarantun ƙasa da ƙasa, kodayake yanzu 'yan ƙasa masu hali ma suna kai nasu. Akasarinsu na kuɗi ne, da Turanci ake koyarwa, kuma kowace tana bin manhajar wata ƙasa: ta Ingila mai jarrabawar IGCSE, ko ta Amurka, ko ta Indiya, ko manhajar IB wadda aka kafa a Suwizalan a 1968.

Saboda haka za ki tarar da abokan aiki Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kuma makarantu da yawa suna haɗa maza da mata a aji ɗaya. Amma ga wata ƙofa da ta dace da malaman Islamiyya: a Daular Larabawa wajibi ne kowace makarantar kuɗi ta koyar da ɗalibai Musulmi darasin addini, kuma waɗanda ba Larabawa ba da Turanci ake koya musu. Kin ga ke nan mai digirin addinin Musulunci, mai kyakkyawan tajwidi, wadda Turancinta ya nuna, tana da abin da ake nema, bayan hukumar ilimi ta can ta tantance ta.

Takardun da za ki tanada

Takardar NCE ita kaɗai ba kasafai take isa ba. Abin da aka saba nema shi ne digiri a fannin da za ki koyar, da shaidar horon malanta kamar PGDE ga wadda digirinta ba na ilimi ba ne, da shaidar cewa kin yi koyarwa aƙalla shekara biyu. Ki haɗa da rajistarki ta TRCN da takardar 'yan sanda mai nuna ba ki da laifi. Takardun karatu sai an buga musu hatimi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ki. Akwai kuma gwajin lafiya, musamman na tarin fuka da ƙanjamau, kafin a ba da izinin zama.

Inda mu matan Arewa muka fi samun cikas shi ne takardar aure. Da yawanmu an ɗaura mana aure a masallaci ko ƙofar gida, an raba goro, an yi addu'a, shi ke nan. A shari'a aure ya ɗauru, amma jami'in shige da fice takarda yake son gani. In har kina son iyali su biyo ki, sai kin nemi takardar aure da takardun haihuwar yara, su ma an buga musu hatimi. Ki fara da wuri, domin makarantu suna ɗaukar malamai watanni da yawa kafin sabuwar shekarar karatu, wadda kan fara a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba.

Yadda ake karanta kwantiragi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, tana koya mana rubuta bashi da kafa shaidu, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuma tana umurni da cika alkawari. Musulma ba ta sa hannu a kan abin da ba ta fahimta ba, domin in ta sa ya zama amana a wuyanta. Ga abubuwa shida da za ki duba.

Na farko, gundarin albashi. Yawanci ana raba albashi gida biyu: gundari da alawus. A Daular Larabawa, a ƙarƙashin dokar ƙwadago da ta fara aiki a Fabrairun 2022, kuɗin sallama shi ne albashin kwana 21 a kan kowace shekara cikin biyar na farko, daga nan ya koma kwana 30, kuma da gundarin ake lissafi, ban da alawus. Mu ɗauka an ce za a biya ki dirhami 10,000 a wata. Idan duka gundari ne, sallamarki bayan shekara biyu 14,000 ce. Idan kuwa 6,000 ne gundari, sauran alawus, za ki tashi da 8,400. Albashi ɗaya ne a baki, amma kin ga bambancin.

Na biyu, masauki. Gida za a ba ki ko kuɗin haya? In gida ne, ke kaɗai ko za a haɗa ki da wasu malamai? Kwantiragin da aka tsara wa marar iyali ba ya ba da wurin da miji da yara za su zauna, haya kuwa a Dubai ko Doha tana iya cinye rabin albashi.

Na uku, karatun yara. Makarantun gwamnati na can an gina su ne domin 'yan ƙasa, ɗan baƙo akasari sai dai ta kuɗi. Wasu makarantu suna yafe wa malamarsu kuɗin yaro ɗaya ko biyu, wasu rangwame kawai suke yi. Mai yara huɗu ta yi lissafin sauran tun tana gida.

Na huɗu, tikitin jirgi da inshorar lafiya. Naki ne ke kaɗai ko har da iyali? Kowace shekara ne ko sai ƙarshen kwantiragi?

Na biyar, hutun haihuwa. A Daular Larabawa kwana 60 ne, 45 da cikakken albashi, 15 da rabi. A Katar kwana 50 ne ga wadda ta cika shekara a aiki. Saudiyya ta mayar da nata mako 12 a shekarar 2025. Ki tuna can babu gwaggo ko inna da za ta zo miki wankan jego, kuma gidan renon jarirai kuɗi ne.

Na shida, lokacin gwaji da sharaɗin ajiye aiki. A Daular Larabawa gwaji ba ya wuce wata shida. Ki duba abin da za a caje ki in kika bar aiki kafin wa'adi, domin rasuwa ko rashin lafiyar iyaye ba sa sallama kafin su zo.

Gaskiya ne ba a cire harajin albashi a Saudiyya, Katar, Kuwait da Daular Larabawa, kuma kuɗin Saudiyya, Katar da Daular Larabawa a ɗaure yake da dalar Amurka: riyal 3.75 na Saudiyya ko dirhami 3.67 a kan dala ɗaya. Amma akwai harajin sayayya, kashi 5 cikin ɗari a Daular Larabawa tun 2018, kashi 15 a Saudiyya tun 2020. Saudiyya kuma ta sa wa ma'aikata baƙi kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, ya fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 a 2020. Yara uku ke nan riyal 14,400 a shekara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne albashinki na gaskiya.

Iƙama da kafili

Zamanki a can a rataye yake da aikinki. Makaranta ce kafilinki, ita ke nema miki iƙama, wato izinin zama, kuma ranar da aiki ya ƙare sai a ba ki wa'adi ki sami wani ko ki fita, ke da duk wanda ke ƙarƙashinki. Haihuwar yaro a can ba ta sa shi zama ɗan ƙasa. An sassauta tsarin kafala a 'yan shekarun nan: Katar ta soke sharaɗin neman yardar mai aiki kafin a canza aiki a 2020, Saudiyya ta yi nata gyaran a Maris na 2021. Duk da haka kada ki yarda kowa ya riƙe miki fasfo, dokokin ƙasashen ma sun hana.

Ki yi hattara da dillalan biza. Makarantar kirki tana yin intabiyu ta bidiyo, ta aiko da takardar tayi mai sunanta, ita ce kuma ke biyan kuɗin bizar aiki. Duk wanda ya ce ki sayar da gwal ɗinki ki ba shi, ko ki shiga da bizar ziyara ko ta Umara wai in kin isa za a gyara, to hanyar takari yake nuna miki da sunan malanta. Mata nawa aka yi wa alkawarin aikin ofis suka ƙare a aikatau? In kin yi shakka ki tuntuɓi hukumar NAPTIP. Ki kuma binciki makarantar da kanki. A Dubai hukumar KHDA ta fara duba makarantu tana wallafa rahoto tun 2008, kowa na iya karantawa a intanet. Dokokin biza ma suna juyawa: Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza a 2022, ba a buɗe ba sai Yulin 2024.

Maganar gida

Nan ne zuciyar darasin. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da yardar maigida, yarda ta gaskiya wadda aka zauna aka tattauna, ba wadda aka ƙwata da kuka da gaba ba. Game da muharrami, mafi yawan malamai suna kan cewa mace ba ta doguwar tafiya sai da shi, wasu malaman Malikiyya da Shafi'iyya kuma sun yi sauƙi a aikin Hajjin farilla in akwai amintacciyar tawaga. Don hukumar wata ƙasa ta ba ki biza ke kaɗai, wannan bai zama fatawa ba. Ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa halinki dalla-dalla.

Hanyoyin uku ne. Mafi sauƙi ita ce a ce maigida ne ya sami aiki, ke kika bi shi, sannan kika nemi koyarwa da izinin aiki. Ta biyu, ke ki ɗauki nauyinsa. A nan kowace ƙasa tana da sharaɗin mafi ƙarancin albashi, kuma zama a ƙarƙashin iƙamarki ba ya ba shi damar aiki sai ya sami nasa izinin. Ku tambayi kanku tsakani da Allah: namijin da ya saba fita kasuwa ko ofis zai jure zaman ɗaki wata shida? Ta uku, ki tafi ke kaɗai ki bar su. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya ƙayyade wa mayaƙa kada su wuce wata shida ba su koma ga iyalansu ba. In an duba wa mujahidi wannan, ina ga mai neman albashi? Wa zai riƙe yaran, wa zai duba karatunsu da sallarsu? Kada garin neman gira a rasa ido.

Ku kuma yi maganar kuɗi tun kafin a tashi. A shari'a abin da mace ta samu nata ne, ciyarwa tana kan miji, abin da ta taimaka da shi kuma alheri ne. Ku yanke nawa za a tura gida, nawa za a ajiye, da sunan wa za a sayi fili. Rashin yin wannan magana ya raba aure da dama.

In kin isa

Aikin yana da nauyi. Akwai shirin darasi a rubuce, da cike maki a kwamfuta, da masu shigowa aji su duba koyarwarki, da iyaye masu ganin sun biya kuɗi. Bulala kuwa haramun ce a dokar makarantun, ko ranƙwashi na iya raba ki da aiki. Ranakun aiki Lahadi zuwa Alhamis ne a Saudiyya, Katar da Kuwait, Daular Larabawa kuma ta koma Litinin zuwa rabin ranar Juma'a tun Janairun 2022. Ana rage sa'o'in aiki a Ramadan. Kada ki yi mamaki in kika ga an fifita mai fasfon Ingila ko Amurka a albashi alhali aikinku ɗaya; yana faruwa, kuma shi ya sa za ki nemi haƙƙinki tun wajen ciniki.

Mu da muka saba da ta'alimi da tara gudummawa, mu kiyaye: a Daular Larabawa buɗe karatun addini ko tara kuɗin taimako ba da lasisi ba laifi ne. Haka ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, ko kushe makarantarki a Facebook.

Kammalawa

'Yar'uwa, aikin nan halal ne, kuma wadda ta shiga da shiri tana iya dawowa da jari da ƙwarewar da makarantunmu ke buƙata. Ki nemi kwantiragin a rubuce, ku karanta tare da maigida layi bayan layi, ki nuna wa wanda ya san dokar ƙasar, ki yi magana da wata malama da ke aiki a makarantar, sannan ki yi istihara. In lissafi ya fita kuma gida ya amince, Allah Ya sa albarka. In bai fita ba, ajinki na nan gida ma wurin lada ne.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya tsare mana aurenmu da zuriyarmu, amin.