Darasi: Yadda masu haɗa gem ke sarrafa sa'a a wasannin waya

Duk wanda ya taɓa buga Ludo King ya san wannan takaicin: a jefa dayis sau goma shida ta ƙi fitowa, abokin karawa kuma ya samu sau biyu a jere. Nan take sai mutum ya ce an yi masa maguɗi. Lissafi bai goyi bayansa ba. Dayis fuska shida gare shi, damar fitowar shida ɗaya ce cikin shida a kowace jifa, kuma yiwuwar a yi jifa goma ba a gan ta ba ta kai kusan kashi 16 cikin 100. Wato cikin mutum shida da suka fara wasa, kusan ɗaya zai gamu da hakan ba tare da an cuce shi ba.

Amma mai wasa ba ya zama da kalkuleta. Idan ransa ya ba shi cewa an zalunce shi, goge gem ɗin zai yi. Shi ya sa masu haɗa gem ba sa sakin sa'a ta yi yadda ta ga dama, linzami suke sa mata. Wannan darasi zai nuna yadda ake yin hakan, da yadda labarin gem da ita kanta wayar ke shiga cikin lissafin.

Sa'a iri biyu ce

Akwai sa'ar da ke zuwa kafin mai wasa ya yanke shawara, akwai kuma wadda ke zuwa bayan ya yanke.

A Free Fire, wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017, hanyar da jirgi zai bi ta saman tsibiri tana sauyawa daga wasa zuwa wasa, haka ma wurin da da'irar tsira za ta matse. Mai wasa yana ganin abin da sa'a ta kawo, sannan ya zaɓi inda zai dira da inda zai ɓuya. Idan aka kashe shi, yakan ga laifin kansa, ya ce bari ya sake gwadawa.

Iri na biyu shi ne mutum ya gama dabararsa tsaf, sannan ƙuri'a ta yanke hukunci, kamar a ce harbinsa zai samu ko ba zai samu ba. Wannan na kawo bugun zuciya, amma idan ya yi yawa sai mai wasa ya ji ƙwarewarsa ba ta da amfani. Ƙa'idar da sabon mai haɗa gem zai riƙe ita ce: a yawaita iri na farko, na biyun kuma a sa shi kamar gishiri a miya.

Jakar Tetris

Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, yana da tubala iri bakwai da ke faɗowa daga sama. Idan kwamfuta na zaɓen kowane tubali ba tare da duba na baya ba, za a iya yin tubali 20 dogon nan mai share layi huɗu bai zo ba. Yiwuwar hakan ta kusa kashi 5 cikin 100, kuma a wasan da ake zubo ɗaruruwan tubala, ba dade ko ba jima sai ta faru.

Tetris na zamani ya magance wannan da dabarar jaka. Ana zuba tubalan bakwai a jaka ɗaya, a cakuɗa, a fito da su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a sake cika jakar. Mai wasa bai san wanda zai biyo baya ba, amma ba zai taɓa jiran dogon tubali fiye da tubala 12 ba. Layukan kod kaɗan ne ke yin wannan aiki.

Inda sa'a ta haɗu da kuɗi

Gem da yawa na sayar da akwatin da ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. A ce damar samun wata rigar yaƙi kashi 1 ce cikin 100. Mutane da yawa na zaton buɗe akwati 100 ya isa. Ba haka ba ne: kusan mutum 37 cikin 100 da suka buɗe akwati ɗari-ɗari za su tashi hannu rabbana, domin akwatin ba ya tuna asarar da aka yi a baya.

Wasu kamfanoni na sa iyaka. A Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, damar samun jarumi mai tauraro biyar kashi 0.6 ce cikin 100, amma an tabbatar mutum zai samu abu mai tauraro biyar kafin ya wuce ja 90. Hukumomi ma sun sa baki. Tun 2017 ƙasar Sin ta wajabta bayyana alƙaluman damar, Apple ya sa irin wannan sharaɗi a App Store a ƙarshen shekarar, Google Play ya bi sahu a 2019. A 2018 Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi a matsayin caca. Don haka kafin matashi ya sayi lu'ulu'u da kuɗin datarsa, ya nemi shafin da aka rubuta alƙaluman, ya yi lissafi.

Labari da muhallin wasa

Idan aka cire zane da sauti, Subway Surfers layi uku ne da abubuwan da ake kauce wa. Abin da ya sa yaro ya gane shi cikin daƙiƙa biyar shi ne labarin: an kama matashi yana fenti a jikin jirgin ƙasa, mai gadi da karensa sun biyo shi. Ba sai an rubuta masa "gudu" ba. Haka Angry Birds na 2009: aladu sun sace ƙwai, tsuntsaye sun fusata, an ba ka gwafa.

Muhalli mai kyau yana ba sa'a dalili. A tsibirin yaƙi, ba wanda zai yi mamaki don ya shiga gida ya tarar da bindiga, wani gidan kuma wayam. Wanda zai haɗa gem na ɗan Keke Napep a cunkoson kasuwa yana da irin wannan dama: fasinja na tsayar da shi ba zato, akuya na tsallaka titi, ruwan sama na sauka. Duk sa'a ce, amma mai wasa zai karɓe ta domin haka titi yake. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwafo ƙa'idojin wani gem a liƙa masa rawani da babbar riga, alhali kayan ba su da alaƙa da abin da ake yi a ciki.

Abin da waya ke buƙata

Mai wasa a waya yana cikin mota ne, ko layin cire kuɗi, ko jiran a kawo wuta. Shi ya sa Free Fire ya tsaya a mutum 50 da wasan kusan minti goma, yayin da PUBG Mobile ke zuba mutum 100 a wasa mai tsawo. Gajeren zagaye yana rage zafin rashin sa'a: wanda ya faɗi a minti uku zai sake, wanda ya faɗi bayan minti arba'in saboda ƙuri'a ɗaya zai yi fushi.

Sai yatsa. Babban yatsa ba shi da saitin linzamin kwamfuta, don haka Google ke ba da shawarar kada maɓalli ya gaza 48dp, Apple kuma ya ce maki 44. Subway Surfers ya taƙaita sarrafawa ga shafa allo sama, ƙasa, hagu da dama. Sannan gem ya riƙa adana matakin da aka kai da kansa, domin kira na iya shigowa, caji na iya ƙarewa, sabis na iya ɗaukewa. Girman fayil ma abin dubawa ne ga mai waya mai ƙaramar ma'adana.

Aikin gwaji

Wannan ba ya buƙatar kwamfuta. A yanka takardu bakwai, a rubuta 1 zuwa 7, a zuba a hula. A zagayen farko a zaro takarda sau 28, ana mayar da ita bayan kowace zara, ana rubuta lambar da ta fito. A zagaye na biyu kada a mayar har sai hular ta ƙare, a maimaita sau huɗu. Sai a ƙirga tazara mafi tsawo tsakanin fitowar lamba 7 da sake fitowarta a kowane zagaye. Daga nan a ba aboki ya buga duka biyun ba tare da an gaya masa bambancin ba, a ce duk sanda 7 ta fito ya ci maki, sannan a tambaye shi wanne ya fi yi masa adalci.