BABI NA BAKWAI: GURU NANAK, RAYUWARSA DA KOYARWARSA

7.1 Gabatarwa

Tarihin rayuwa na ɗaya daga cikin nau'o'in rubutun zube da ake son ɗalibi ya naƙalta. A wannan babi za a dubi rayuwar Guru Nanak, wanda ya assasa addinin Sikh a yankin Punjab. Kalmar "guru" na nufin malami, "sikh" kuwa ta samo asali ne daga wata kalmar Sanskirit mai ma'anar almajiri. Ke nan, addinin ya ginu a kan dangantakar malami da almajirinsa.

7.2 Haihuwa da Tasowarsa

An haifi Nanak a shekarar 1469 a ƙauyen Talwandi, wanda a yau ake kira Nankana Sahib, kusa da birnin Lahor a Pakistan. Iyayensa mabiya addinin Hindu ne, mahaifinsa Mehta Kalu kuma shi ne mai lissafin harajin amfanin gona a ƙauyen. Da ya girma, sai ya koma garin Sultanpur wurin yayarsa Nanaki, inda ya yi aikin kula da rumbun hatsi na gwamna Daulat Khan Lodi. Ya auri Sulakhani, suka haifi 'ya'ya maza biyu.

Littattafan Janamsakhi, waɗanda mabiyansa suka rubuta bayan mutuwarsa, sun ce yana da kimanin shekara 30 ya shiga wanka a rafin Bein, aka neme shi aka rasa har kwana uku. Da ya fito, sai ya bayyana cewa rarrabewar da mutane ke yi tsakanin Bahindu da Musulmi ba ita ce abin dubawa a wurin Mahalicci ba. Daga nan ya ajiye aiki, ya shiga yawon wa'azi tare da abokinsa Mardana, wani Musulmi makaɗin rabab, wato abin kiɗa mai tsirkiya. Waɗannan littattafai sun kai shi har Siri Lanka da Makka da Bagadaza, ko da yake masana tarihi na zamani, irin su W. H. McLeod, suna ganin hikaya ta yi yawa a cikinsu.

Daga bisani ya zauna a Kartarpur, garin da ya kafa a bakin kogin Ravi, yana noma yana karantarwa, har ya mutu a 1539. Kafin mutuwarsa ya tsallake 'ya'yansa, ya zaɓi almajirinsa Lehna ya gaje shi, ya kuma sa masa suna Angad.

7.3 Koyarwarsa

Nanak ya koyar da cewa Mahalicci ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba, don haka ya yi watsi da bautar gumaka. Sai dai ya riƙe aƙidar maimaituwar haihuwa bayan mutuwa, wadda ta bambanta shi da Musulunci. Mabiyansa kan taƙaita karantarwarsa cikin ginshiƙai uku: ambaton sunan Mahalicci, da cin guminka ta hanyar gaskiya, da raba abin da ka samu da mabuƙata.

Babban abin da ya yaƙa shi ne tsarin ajujuwa na gado, wanda ya hana ɗan babban aji cin abinci da ɗan ƙaramin aji. Bai tsaya ga wa'azi ba. A Kartarpur ya kafa langar, wato abincin taro na kyauta, inda kowa ke zama a ƙasa a sahu ɗaya. Har yau ana yin wannan a wuraren ibadar Sikh. Haka kuma ya soki masu ƙasƙantar da mata, da masu ƙauracewa iyali da sana'a da sunan gudun duniya.

7.4 Matsayin Harshe

A zamaninsa Sanskirit ne harshen malaman Hindu, Farisanci kuma harshen fada. Nanak ya tsara waƙoƙinsa da harshen da manomi da ɗan kasuwa ke ji, yana gauraya Punjabi da kalmomin aro na Farisanci da Larabci. Magajinsa Angad ya daidaita rubutun Gurmukhi, sannan a 1604 Guru Arjan ya tattara littafin Adi Granth, wanda ya ƙunshi waƙoƙin Nanak 974.

7.5 Kammalawa

An ga yadda saƙon Nanak ya isa ga talakawa domin ya yi magana da harshensu, ya kuma aikata abin da yake faɗa. Wannan abin lura ne ga malamin da zai karantar da yara da harshen uwa.

Auna Fahimta

1. Kawo ginshiƙai uku na koyarwar Nanak.
2. Me ya sa masana tarihi ke taka-tsantsan da littattafan Janamsakhi?
3. Yi bayanin rawar da harshe ya taka wajen yaɗuwar koyarwarsa.