Idan Ɗanka Ya Rasu a Bayan Kanta: Abin Yi Kafin a Kai Shi Makwanci

A daren 25 ga Mayun 2025 'yan sanda a Rano suka kama wani matashi mai gyaran babur bisa zargin tuƙin ganganci. Washegari da safe ya cika. Rundunar 'yan sandan Kano ta ce jikinsa ne ya rikice aka kai shi Babban Asibitin Rano, a can ya rasu. Mutanen gari kuwa suka ce duka ne ya kashe shi. Ba a kai ga tantancewa ba matasa suka auka wa caji ofis, suka cinna wuta, suka yi wa DPO, CSP Baba Ali, raunin da ya zama ajalinsa. Rai biyu suka salwanta, aka kwashi matasa da dama aka yi Kano da su.

Mu mutanen Zoza da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin labarin wasu ba. Yankin sanata ɗaya muke da Rano, rundunar 'yan sanda ɗaya ke kula da mu, kuma irin samarin nan masu acaɓa da gyaran babur su ne cike da gidajenmu. Aikina lauya ne, kuma cikin abin da na fi yi akwai bin sawun mutanen da aka tsare. Abin da nake gani kusan kullum shi ne, idan mutum ya rasu a hannun hukuma, danginsa kan ɗauki ɗayan hanya biyu. Ko dai zuciya ta ɗebi matasa su ɗauki fetur, ko kuma dattawa su sunkuyar da kai su ce "mun bar wa Allah." Duka biyun wuri ɗaya suke kai mu: babu wanda zai tsaya gaban alƙali ya faɗi yadda aka yi yaron ya mutu.

Wuta dai maganarta gajeriya ce. Littafin da ake rubuta sunan wanda aka kamo, da lokacin da aka shigo da shi, da sunan jami'in da ke bakin aiki, a cikin ofishin yake. Wanda ya ƙone ofis ya ƙone hujjar ɗan uwansa da hannunsa. Daga ranar kuma magana ta juya: a bar zancen wanda ya mutu a tsare, a koma farautar waɗanda suka yi ƙone-ƙone. Sannan kashe ɗan sanda kisan kai ne a wurin Allah da wurin hukuma, kuma sau da yawa wanda aka far wa ba shi ne ya ɗaga sanda ba.

Haƙurin nan na dattawa shi na fi so mu tsaya a kai, don shi ya fi yawa, kuma shi ba ya fitowa a rediyo. Mutuwa ɗaya da ta tayar da tarzoma, akwai wasu da aka rufe su shiru bayan sallar la'asar.

Ga yadda abin ke tafiya. A aiko wa uba cewa ya zo ya ɗauki gawa. Ya zo jiki na rawa, da mai unguwa ko wani dattijo. A ce masa yaron ya yanke jiki ya faɗi, ko farfaɗiya ce ta tashi, ko ƙwaya ce ya sha. A miƙo takarda a ce ya sa hannu ko ya dangwala, alhali ba a karanta masa ba. Shi a lokacin abin da ke ransa kawai a yi wa ɗansa sutura kafin rana ta faɗi. Masu wanka su ga shatar igiya a wuyan hannu, su ga bayan ya farfashe, su yi salati su rufe. Bayan sadakar bakwai, zuciya ta ɗan kwanta, sai a nemo lauya. A lokacin nakan tambaya: akwai takardar likita? Babu. Hoto? Babu, ai ba a ɗaukar gawa hoto. Wa ya ga lokacin da aka kama shi? Kowa ya gani, amma ba mai son sunansa ya shiga takarda. Kotu ba ta hukunci da "kowa ya sani."

Don haka shari'ar irin wannan mutuwa a wunin farko ake cin ta ko a faɗi. Kada ku karɓi gawa a ƙofar caji ofis ku wuce gida kai tsaye. Ku nemi a kai ta asibitin gwamnati, likita ya duba ya rubuta abin da ya gani a jiki, ku karɓi kwafi. Ku sa mutum biyu masu hankali daga cikin dangi su duba gawar, su ɗauki hoton duk wani rauni, a adana a waya fiye da ɗaya, ba don a watsa a Facebook ba. Tufafin da ke jikinsa kada a wanke. A rubuta ranar kamu da lokaci, da wurin, da sunan duk jami'in da aka gane, da sunayen waɗanda aka tsare tare da shi, domin su ne suka ji ihun cikin dare, kuma da zarar an sallame su sai su watse. Kada a sa hannu a takardar da wani naku bai karanta ba. Idan an matsa, ku ce sai lauyanmu ya zo. Faɗin haka ba laifi ba ne.

Na san inda gizo ke saƙa: binciken gawa. Da ka ambata shi sai uwa ta fashe da kuka, ta ce an kashe mata ɗa kuma za a yanka shi. Ina jin nauyin wannan magana, kuma gaggauta jana'iza koyarwar addininmu ce. Amma malamai sun duba mas'alar tun da daɗewa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1987 cewa ya halatta a yi binciken gawa idan shari'a na bukatar sanin musabbabin mutuwa. Dalili a fili yake: jinin mumini ba ya tafiya a banza, kuma kare wanda ake zargi bisa kuskure shi ma wajibi ne. Binciken nan ai ba dangi kaɗai yake wa amfani ba. Idan da gaske ciwo ne ya kashe mutum, shi zai wanke ɗan sandan. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma dangi na iya neman likitan da suka amince da shi ya halarta. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana da ciwo, amma tono kabari bayan wata shida ya fi shi ciwo nesa ba kusa ba.

Sai kuma zaman sulhu. A tara hakimi ko dagaci, a kawo buhun shinkafa da wani ɗan kuɗi a ambulan da sunan ta'aziyya, a ce a yi haƙuri ƙaddara ce. Ban raina sulhu ba, kuma ban ce talakan da ya rasa mai ciyar da gida ya ƙi karɓar taimako ba. Sai dai a sani, kisa laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma. Ba abin da uba zai sa hannu ya goge ba ne a zauren wani. Abin da ake bayarwa a irin wannan zama kuma bai kama ƙafar diyya ba, ko ta Musulunci ko ta kotu. Jami'in da aka rufa wa asiri da buhun shinkafa, canjin wurin aiki kawai za a yi masa, ya je wani gari da hannunsa yadda yake.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne doka tana gefensu, a rubuce. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ya kuma ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa mutum azaba, idan kuma rai ya fita, tuhumar kisan kai ce. Cewa "oga ne ya sa ni" ba kariya ba ce a ƙarƙashinta. Dokar Shaida ta 2011 ta ce amsa laifin da aka tatsa da duka ba ya karɓuwa a kotu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan bashi ko rikicin ciniki. Jihar Kano ma tana da tata dokar tafiyar da shari'ar laifuka tun 2019.

Akwai wani tanadi da nake ganin da za a riƙe shi da gaske, da rayuka da yawa sun tsira. Sashe na 34 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke tsare da idonsa, ya ba da beli inda ya dace. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanata shi. A birni lauyoyi na yawo, 'yan jarida na kusa. A ƙauye kuwa mutum zai yi kwanaki a ɗakin tsaro ba wanda ya leƙo sai mai kawo masa tuwo. Mu da ke nesa da Kano mu muka fi kowa bukatar wannan ziyara, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya ko ana yin ta.

Koke kuma a rubuce ake kai shi, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Ana kai wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Bompai, da Antoni Janar na jiha. Akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar da aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtarwa da korar kowane jami'i in ban da Sufeto Janar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Agajin Shari'a duk suna da ofis a Kano, kuma ba a biyan kuɗi a shigar da koke. Sannan a Babbar Kotu ana shigar da ƙarar tauye haƙƙi bisa ƙa'idojin 2009, waɗanda suka ba dangi damar tsayawa a madadin nasu, suka kuma ce tsufan magana ba ya kashe irin wannan ƙara.

Ba zan ce hanyar tana da sauƙi ba. Tana da tsawo, ana ɗage zama har mutum ya gaji, kuma ko an ci shari'a karɓar kuɗi daga asusun gwamnati wani yaƙin ne, saboda tsohuwar dokar da ke neman sahalewar Antoni Janar. Amma ana kaiwa. Iyalan Baba Fugu, dattijon da aka kashe a hannun 'yan sanda a Maiduguri a 2009, sun je kotu, ta yanke a biya su naira miliyan 100, aka kuma biya a 2012. Mutanen nan shida na Apo da 'yan sanda suka harbe a Abuja a 2005, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Shekara goma sha biyu, amma an yanke. Kuma kowa a Arewa ya ga abin da kisan Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a tsare, a watan Yulin 2009, ya taimaka wajen haifarwa. Da an gurfanar da shi gaban alƙali, da masu ɗaukar matasa ba su samu wannan abin nunawa ba.

Ina da abokai 'yan sanda, kuma na san halin da ƙananan ofisoshi ke ciki. Babu man mota, babu kuɗin ciyar da wanda aka tsare, babu kayan bincike, ga matsin lamba daga sama a fito da ɓarawo ko ta halin ƙaƙa. Jami'in da ba a koya masa wata dabara ba sai duka, duka zai yi. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. An rusa sashen 'yan sanda na SARS a ranar 11 ga Oktoban 2020, amma ɗabi'ar ba a cikin sunan take ba, tana cikin ɗakin da ba mai gani. Gyaran da nake ganin zai yi aiki a wurinmu ba mai tsada ba ne: ma'aikacin lafiya ya duba duk wanda za a rufe ya rubuta halin da ya shigo, a ɗauki bayanin wanda ake zargi a bidiyo gaban lauya ko wani nasa, kuma duk mutuwar da ta auku a tsare a ɗauke bincikenta daga hannun ofishin da abin ya faru, jami'an da ke bakin aiki su koma gefe har a gama. Wannan ya shafi 'yan sintiri ma, waɗanda a ƙauyuka sukan riga 'yan sanda kai hannu, kuma babu dokar da ta ba su ikon ɗaure mutum a turke su doke shi.

Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da limaman Juma'a na Rogo da Ƙaraye: idan irin wannan ta taso, ku ne mutane za su fara nufa. Ku kwantar da matasa, amma kada ku tsaya a nan. Ku raka uban mamacin asibiti, ku tsaya a rubuta takarda, ku sa sunanku cikin masu koke. Ɗan majalisarmu na tarayya da na jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, ku nemi a tabbatar majistare na shiga ofisoshin 'yan sandan yankin nan kowane wata. Ku kuma 'yan uwana na Zoza, ku nemi lambar lauya ɗaya da ta Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ku ajiye a waya tun yau, kuma duk ranar da aka kama naku, ku je ofishin a ranar, ku nemi ganinsa da idonku.