Kafin Ka Mayar da Shi Bencin Baya

Ɗana Fasto, na ji yadda zaman dattawa ya watse a kan yaron nan na ƙungiyar mawaƙa da tiramol ya kama. Wasu sun ce zunubi ne, a sa shi horo, ya koma bencin baya. Wasu sun ce cuta ce, ba laifinsa ba. Ni dai shawarata, kada ka yarda a raba maka gaskiya gida biyu a ce ka ɗauki ɗaya.

Cutar tana nan, kada ka yi musu. Tiramol da kodin dangin juna ne, kuma a ƙwaƙwalwa suke aiki. Da ƙwaya guda ake farawa, don a jure noma ko aikin ma'adinai, sai jiki ya saba ya nemi uku. Ranar da ya bari kuwa, sai zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa. Tun 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya jarabar giya a sahun cututtuka. Mashayin da ya daɗe a kan burukutu ko goskolo, in aka raba shi da kwalba dare ɗaya, jijjiga na iya kashe shi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an ɗaure yaro da mari a wani gidan addu'a, ana azumi a kansa ba likita kusa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne. Ba shi kaɗai ba ne kuma: binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi. A shekarar 2018 ɗin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, yara suka koma wani abu.

Amma wanda ya ce wa yaron nan ba shi da hannu a ciki, bai yi masa ƙauna ba. Ya ƙwace masa abu na ƙarshe da ya rage masa, wato mutuncin mai iya tuba. Ka sake karanta Yahaya sura 5. Mutumin nan da ke kwance bakin tafki ya yi shekara 38 ba shi da lafiya, ciwonsa na gaske ne, duk da haka Yesu ya fara tambayarsa ko yana son warkewa, sa'an nan ya umarce shi ya ɗauki shimfiɗarsa da kansa. Na daɗe ina tunani a kan wannan tambaya. Mai ciwon suga bai isa ya hana jininsa hawa da ƙarfin zuciya ba, amma shan magani da barin zaƙi na wuyansa. Haka yaronmu. Ƙishin ƙwayar ya fi ƙarfinsa yau, na yarda. Kuɗin da ya zare daga ɗankwalin uwarsa fa? Ƙaryar da ya shara mata? Majalisar da ƙafarsa ke kai shi kowace yamma? Waɗannan nasa ne, kuma da bakinsa zai furta su.

Manzo Bulus kansa, a Romawa sura 7, ya yi kukan mutumin da nufinsa ke gabas aikinsa na yamma. Bai mai da wannan hujja ba, Mai Ceto ya nema. Mutanen nan biyu da suka kafa ƙungiyar mashaya masu taimakon juna a Akron ta Amurka a 1935, Bill Wilson da likita Bob Smith, cuta suka kira abin, amma cikin matakansu har da neman gafarar waɗanda aka cuta da biyan haƙƙinsu.

In dattawa sun nace a kan horo, to ya zama horo mai rakiya. A cire shi daga waƙa na ɗan lokaci, ba laifi. Sai dai a ba shi dattijo guda da zai riƙa leƙa shi kowane mako, zumuntar mata ta tsaya da uwarsa, a tara kuɗin mota zuwa asibiti. Zai yiwu ya sake faɗuwa, yawancinsu haka suke yi kafin ƙafa ta tsaya. Ranar nan kada ya tarar da ƙofar majami'a a rufe. Na taɓa sa hannu a horon wani mashayi a ƙuruciyata, muka mayar da shi baya, ba wanda ya bi sawunsa. Har yau ina neman gafarar Ubangiji a kan wannan.

Ranar Talata bayan addu'ar asuba ka biyo ta gidana, mu je wurinsa tare. Kada ka sa kwalar fasto.