Cavorite da Matsalar "Maganaɗisun Ƙasa"

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan ɗan rubutu ina so mu auna wata fassara da ƙagaggen labarin kimiyya.

A shekarar 1901 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa, The First Men in the Moon. A ciki wani masani mai suna Cavor ya ƙera sinadarin Cavorite, wanda ke tare ƙarfin da duniya ke janyo abubuwa da shi, har ya kai shi duniyar wata.

Kimiyya ba ta yarda da haka ba. Da za a shimfiɗa Cavorite ƙarƙashin rabin wili, sai ɗaya rabin ya riƙa rinjaya, wilin ya yi ta juyawa har abada babu mai. A bayanin Newton na 1687 da na Einstein na 1915, babu garkuwar da ke tare wannan ƙarfi.

To, mukan kira shi "maganaɗisun ƙasa". Amma maganaɗisu ƙarfe yake ja, kuma akwatin ƙarfe na iya kare abu daga gare shi. Wannan kuwa yana jan dutse da ruwa, har haske yana lanƙwasawa. Don haka na fi gamsuwa da "ƙarfin jan ƙasa", kada fassararmu ta koya wa yara kimiyyar Cavor.